Abin da Wada Ya Sha

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Kamaluddeen rahoto a ofishin 'yan sanda na Sabon Birni. Wada, ɗan kokawar Unguwar Lalle, ya faɗi a filin motsa jiki, fuska da wuya sun kumbura, yana asibiti yana numfashi da ƙyar. 'Yan uwansa sun tiso ƙeyar abokin karawarsa Hafizullahi, sun ce guba ya sa masa. Suka tsaya a ƙofar ofis da sanduna, suna jiran Hafizullahi ya fito.

Sufeto ya fara da wanda ake zargi.

"Ka taɓa abincin Wada?"

"Ni? Ko ruwa nai ban taɓa sha ba, yallaɓai."

"Wannan ƙullin garin da aka ciro daga aljihunka fa?"

Hafizullahi ya sunkuyar da kai. "Garin gina jiki ne da yake damawa. Na ga damtse nai na ƙaruwa, sai na ɗibi kaɗan. Ɗiba na yi, ban zuba komi ba. Yau ma na sha shi cikin koko."

Sufeto ya ƙare masa kallo. Gari ɗaya suka sha, ɗaya na kwance, ɗaya lafiya lau. Kansa ya ɗaure.

A gidan su Wada, mahaifiyarsa Inna Maimunat ta fito da gwangwani uku masu rubutun Faransanci: na waken suya, na koren wake, na shinkafa.

"Yaron ga ya kasa zaɓe," in ji ta. "Wani ya ce mishi na waken suya ya fi sa ƙarfi, wani ya ce na shinkafa ba ya kumbura ciki. Sai ya sayo duka wajen Sodangi mai shago a kasuwa. Ya sha wanga, jiki ya yi ƙaiƙayi, ya koma wancan, shi ma haka. Yau ya haɗa su duka."

Sufeto ya buɗe su. Launi ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ya sake duba rubutun, abin ya ƙara rikice masa.

"Inna, akwai abin da jikinsa ba ya karɓa?"

"Gyaɗa. Tun yaye ba ta shiga bakinai. Shi ya sa sai da Sodangi ya rantse mishi babu ita ciki."

Sodangi na shagonsa a kasuwa, yana auna wa wata mata kanwa.

"Daga Maraɗi nike ɗauko su, a liƙe," in ji shi. "Ni ban ma san mi ke ciki ba."

"Amma ka rantse babu gyaɗa."

Sodangi ya ci gaba da auna kanwa. Sufeto ya ɗora ɗaya daga cikin gwangwanayen Wada a kan teburi, ya ɓamɓare murfin. Nan take wani ƙaton rago da ke ɗaure a bayan shagon ya fizge turkensa, ya ture kwandon kanwa, ya cusa baki a gwangwanin.

"Ragonka ya san abin da ba ka sani ba," in ji Sufeto.

Ya zagaya bayan shago. Ga buhun garin ƙuli-ƙuli na kiwo, ga rariya, ga tulin gwangwanayen da babu komai a ciki.

Sodangi ya biyo bayansa. "Wofi nike sayo gwangwanayen, in cika su nan. Yallaɓai, ai duk tsiro ne. Rago na ƙiba da shi, na ce mutum ma za shi yi."

"Da ya tambaye ka gyaɗa fa?"

"Na ɗauka iyayi ne irin na yaran yanzu."

Sufeto ya kira likita ya gaya masa abin da Wada ya sha. Likitan ya ce numfashi ya fara daidaita, zai tashi in sha Allah.

Aka sa wa Sodangi ankwa, aka shigo da shi ofis ta tsakiyar masu sanduna, kofur na riƙe da buhun. Sufeto ya bayyana musu komai a tsanake, sannan ya sa aka fito da Hafizullahi.

A bakin ƙofa Hafizullahi ya tsaya, ya dubi buhun, ya dafa ciki.

"Yallaɓai, wai abincin rago nike ta sata?"

Yayan Wada ne ya fara fashewa da dariya. Ya jingine sandarsa a bango, ya ba shi hanya.