Dabino Ɗari Uku da Ɗaya

A wani zamani can baya, wata tsohuwa ta dawo daga tafiya da tsarabar dabino ɗari uku da ɗaya. Ta juye wa jikokinta shida a faifai, ta ce, "Ku raba daidai wa daida. In ɗaya ya yi saura, zan kwashe abina."

Suka kasa shida, ɗaya ya yi saura.

Tanko, babbansu, ya ce, "A cire Auta, ai haƙoransa ba su gama fitowa ba!" Suka kasa biyar, ɗaya ya yi saura. Aka yi ta cire yara, aka kasa huɗu, aka kasa uku, kullum ɗaya na saura. Ya rage daga Tanko sai ƙanwarsa Ladidi. Suka kasa biyu, ɗaya ya yi saura.

Tanko ya raɗa mata, "Jefa shi a baki, Kaka ba ta gani sosai."

Ladidi ta girgiza kai. Can ta hango Tasalla, 'yar maƙwabtansu, tana leƙe ta jikin zana tana haɗiyar yawu.

Ta ce, "Yaya, tun ɗazu rage mutane muke yi. Mu gwada ƙarawa mana."

Aka dawo da kowa, aka kira Tasalla. Suka kasa bakwai, kowa ya tashi da arba'in da uku, faifai ya yi fes. Yara suka kaure da shewa.

Kaka ta yi dariya ta ce, "To, 'yan nema, ni fa?"

Nan take hannuwa bakwai suka miƙo mata dabino.