Kifi da Nono a Rumfar Inna A'i

Rana ta take tsaka aka kawo wa ofishin 'yan sanda na Gwaram rahoton mutuwar Malam Musaddiq, direban bas ɗan Birnin Kudu. Jiya ya ci farfesun kifi a rumfar Inna A'i da ke bakin kogi kusa da Fagam, ya kora da nono. Da yamma ya soma amai da kumfa, da safe ya cika a asibiti.

Rahoton bai zo shi kaɗai ba. Samari sun taso ƙeyar Mairama mai tallan nono, wai ita ta kashe shi, tunda kowa ya san ba a haɗa kifi da nono. DPO ya sa an tsare ta a bayan kantar ofis, ya ce wa Insifeta Nasiha gobe sai kotu.

Nasiha ta sara masa ta fita. A aikinta ta sha haɗuwa da wannan shaidar da ake kira "kowa ya sani", kuma ba ta taɓa ganin ta tsaya a gaban alƙali ba.

Ta tarar da Mairama a tsaye, ta ƙi zama a benci.

"An ce ki ba dangin mamaci haƙuri, ko a sassauta miki."

"Haƙurin me? 'Ya'yana sun sha nonon nan, rabin kasuwa sun sha. In kotu ce a kai ni, amma ban da haƙuri."

Cikin mitarta ta ce nonon ma da ƙyar ake samu, don kwanan nan shanunsu sun ƙi shan ruwan babban gurbi, sai an kora su nesa. Nasiha ta riƙe wannan a ranta.

Bazara ce, kogi ya janye ya bar gurabe. Duk da haka rumfar Inna A'i ba ta rabo da mutane: direbobi, malaman makaranta, masu dawowa daga cin kasuwa, kowa ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa a tabarma, ana ba shi soyayyar karfasa a takarda da yaji da albasa. Yau da Nasiha ta iso, kaskon a kife yake.

Inna A'i ta rantse kifin jiya ya ƙare tas, kuma ba wanda ya yi ko ciwon kai sai mai shan nono. Nasiha ta bi inda ƙudaje ke taruwa, ta ɗaga buhu a bayan murhu. Kwando ne cike. Ta juya kifayen ɗaya-ɗaya. Babu hujin ƙugiya a baki, babu shatin raga a wuya, ga 'yan mitsi-mitsi da kowace raga za ta zubar.

"Inna, wa ke kawo miki?"

Tsohuwar ta zauna a kan turmi. Ta ce Hambali masunci ne ke kawowa. Ta kuma yarda cewa wasu mutum biyu sun kwana da ciwon ciki, ba su kuwa ko kalli ƙwaryar nono ba. Tsoron a rufe mata rumfa ya sa ta yi shiru.

Nasiha ta tambayi ko shi Hambali yana cin abin da ya kawo. Inna A'i ta ce ai al'adar bakin ruwa ce, kan babban kifi na masunci ne, ana dafa masa ya ci kafin a sayar wa kowa. Sai dai a satin nan kullum cewa yake azumi yake yi.

A babban gurbi, kwaɗi ne birjik sun juya ciki sama. Ruwan na warin maganin feshin gona. Can gefe bukkar Hambali, ragarsa a rataye a jikin marke.

Hambali ya fito yana murmushi, ya ce kullum da sassafe yake jefa raga.

"Wannan ragar?"

"Ita fa, ranki ya daɗe."

Nasiha ta taɓa ta. A bushe take ƙayau, har zanzaro ya gina ɗakinsa a jikin igiyar. Ta ce ya zo su je rumfa, akwai 'yar magana.

Samarin da suka kama Mairama suna can sun yi cirko-cirko. Nasiha ta sa Inna A'i ta hura wuta, ta dafa kan tarwaɗa mafi girma daga kwandon. Aka ajiye kwanon a gaban Hambali, yana turiri.

"Bismillah. Rabonka ne."

"Azumi nake yi."

"Da goro a kumatu?"

Ya daina tauna. Nasiha ta tura kwanon har ya taɓa gwiwarsa.

"Babu nono a nan, Malam Hambali. Loma ɗaya, ka tashi ka tafi gida."

Ya dubi kwanon, ya dubi jama'a, hannunsa bai motsa ba. Can ya sunkuyar da kai ya soma magana. Ruwa ya ja, kifi ya shige ƙarƙashin duwatsu, raga ba ta kamo komai. Shi ne ya tsiyaya maganin feshi a gurbin. Ya ɗauka wuta za ta kashe dafin.

"Ka ɗauka, amma ka ƙi ci," in ji Nasiha.

Kofur ɗin da ya rako Nasiha ya sa masa ankwa ya kai shi mota. Inna A'i ma aka ce ta ɗauko mayafinta ta biyo su.

Da aka saki Mairama, DPO ya ce ta bi ta ƙofar baya don kauce wa idon mutane. Ta ce ta ƙofar gaba aka shigo da ita. Ta nemi ƙwaryarta, sai da aka lalubo mata.

Ranar kasuwar Fagam ta sauke ƙwaryar a wurinta na kullum. Mutane na wucewa suna kauda kai. Nasiha ta zo cikin kaki, riƙe da busasshen kifi da ta saya a tasha. Ta cinye shi a tsaye, ta tsotse ƙaya, sannan ta miƙa hannu.

"Mairama, cika min ludayi."