Langar Kaka da Sabon Inji

A wani gari can, an yi wata yarinya da babanta ya sayo musu injin ɗumama abinci. Murna kamar ta tashi sama! Babarta ta koya mata yadda ake kunna shi, ta ja mata kunne ta ce, "Ƙarfe ba ya shiga. Idan ya shiga, tartsatsi zai yi, ya ƙone injin, ya kama gida."

Washegari da safe kakarta ta fito da tuwon jiya a tsohuwar langarta ta ƙarfe, wadda ta zo da ita gidan aure.

"Ƙawata, maza saka mini. Yau zan ga abin mamaki!"

"Kaka, ƙarfe ba ya shiga."

"Ke, ni ban taɓa cin ɗumame a wani kwano ba!"

"Ki yi haƙuri, Kaka, ƙarfe ba ya shiga."

Kaka ta ɓata rai, ta juya baya. Yarinya ta juye tuwon a kwanon tangaran, ta yayyafa ruwa, ta rufe, ta saka a injin, ta kunna. Da injin ya yi ƙara, ta mayar da ɗumamen cikin langar yana tururi, ta goge injin tsaf.

Kaka ta kai loma, ta zaro ido. "Ikon Allah! Ba itace, ba hayaƙi?"

Can sai ga baban yarinyar da shayinsa da ya huce, cokali a cikin kofin. Yana kai hannu zai buɗe injin, Kaka ta daka masa tsawa:

"Kai! Ƙarfe ba ya shiga!"