Wanda Ya Ga An Rubuta

Dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano da almuru, matar kafinta tana kwashe shanya. Wata biyu ke nan da rasuwar mijinta. A bakin zaninta tana ƙulle da takardar da ya rubuta da hannunsa, cewa ɗakin baya na Auta ne, yarinyar da suka riƙa tun tana tsumma, tunda Allah bai ba su haihuwa ba. Lauya ya juya takardar ya ce, "Baiwar Allah, rubutu na gani, shaida ne ban gani ba." Ƙanen mijin kuwa har ya kawo masu auna gida.

Kullum rana ta faɗi sai jifa, sai kukan zarto daga rumfar aikin da aka kulle. Rana ta shida Auta ta zauna a bakin rijiya, idanunta ba sa ƙiftawa. Matar ta girgiza ta, ta roƙe ta, ta kira ta da duk sunayen da marigayin yake tsokanarta da su. Daga ƙarshe ta aika a kira Malam.

Malam ya zo bayan magariba. Yarinyar ta fi ƙarfin mata, dole aka kira ƙanen mijin ya danne ta. An daɗe ana karatu kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me ta yi maka?"

"Ba ita ba ce. Kafinta ne ya ɗora mini kaya. Da ya gama rubutu ya ce, duk wanda ke rumfar nan ya shaida. Ni kuwa shekara talatin ina bayan katakansa."

"Alƙali ba ya zama da irinku. Fita."

"Wani ya karɓi kayan, in tafi." Kan Auta ya juya a hankali, har ya tsaya kan mutumin da ke riƙe da ita. "Ai ba ni kaɗai nake wurin ba. Wa ya fiƙe masa fensirin?"

Matar ta kwance takardar, ta shimfiɗa a gaban ƙanen mijin, ta durƙusa.

"Baffan Auta, ba don ni ba."

Ya daɗe yana kallon karkataccen rubutun yayansa.

"Malam," in ji shi, da ƙyar, "ara mini biro."

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki.

"Inna," ta ce, "sanyi nake ji."