Zanen Hannun Hagu

Ranar da Zulfa ta fara shiga shagon Nata'ala kafinta a Dutse, kwamfutarta na rungume a ƙirjinta, shi kuma yana tsaye gaban injin yanka katako, garin katako ya yi masa furfurar ƙarya a gira.

Ɗaliba ce a jami'a, 'yar Aujara, tana zaune a gidan yayarta Huseina. Ɗakin Huseinar ne ya kawo ta. Ɗan tsukuku ne, babu bango ɗaya da zai ɗauki sif, sai dai a yi wanda zai bi bango biyu ya sha kwana.

Nata'ala ya ce yana yin irinsa, amma toshe kusurwar yake da katako, don duk abin da aka tura can ciki sai da rarrafe ake ciro shi, ƙofofin kuma su yi ta karo da juna. Sai ta buɗe kwamfutar a kan bencinsa. Akwai manhajar zanen sif da kabad da ta koya wa kanta. Ta juya masa ɗakin a allo ta kowace fuska, ta nuna yadda ɓangare ɗaya zai zarce har bango, maratayin dogayen riguna ya shige lungun, ɗaya ɓangaren ya ja baya kaɗan, a sa siririn katako a tsakani don kowace ƙofa ta buɗe ba ta taɓa 'yar'uwarta ba.

Ya daɗe yana kallon allon. Da ya ɗago kai suka haɗa ido, shi ya fara sunkuyarwa.

Aikin da bai kamata ya wuce mako ba ya yi ta jan ƙafa. Yau ya manta awon tsayi, gobe ita ta ga ɗaya daga kantocin sif ɗin ta yi ƙasa da yawa. Huseina dai kallonsu take tana murmushi. Shi yana kiranta Malamata. Ita kuwa da ta ji abokansa suna ce masa Nata, ta ce bakinta ba zai iya ba.

"Nata wa? Ni dai Nawa zan riƙa cewa."

Ranar da aka kafa sif ɗin ya turo mata saƙo: "Malamata, ƙofofi sun buɗe lafiya, babu wadda ta taɓa wata. Saura ni, ban san yadda zan yi in daina zuwa gidan nan ba."

Ta amsa: "Wa ya ce ka daina, Nawa? Baffa yana Aujara, hanya kuma a buɗe take."

Baffa, mahaifinta, mutum ne mai shanu da ɗan shagon hatsi, ba mai yawan magana ba. Ya sa aka bincika asalin yaron a Taura, ya ce idan an gama kaka manyansa su zo.

Ba a kai kakar ba. Wata safiya injin ya fizgi katako ya haɗa da hannun daman Nata'ala. Babban yatsa da biyun da ke binsa suka tafi.

Zulfa ta je asibiti tare da Huseina. Yana ganinta ya juya fuska bango. Ta yi masa sannu har muryarta ta ƙare, bai waiwayo ba.

Da labari ya kai Aujara, Baffa ya jajanta ƙwarai, har tunkiya ya aika. Amma ya kira 'yarsa ya ce mata hannun kafinta shi ne gonarsa. Ba zai tilasta mata kowa ba, sai dai ba zai ɗauke ta ya ba wanda bai san da me zai ciyar da ita ba. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta sa gwaggonta ta sa baki. Tana cikin wannan fafutuka saƙon Nata'ala ya shigo:

"Zulfa, na ji abin da Baffa ya ce, kuma gaskiya ya faɗa. Ko cokali ba na iya riƙewa. Ki daina ce mini Nawa. Ki saurari wanda iyaye za su yarda da shi. Ki yafe mini."

Ta karanta a tsaye a tsakar gida, sai ga ta a zaune a ƙasa. Daga nan ta rubuta masa: "Yatsunka kawai inji ya yanke. Ni kuma kai ka yanke ni, da hannun da ya rage maka."

Nata'ala ya karanta. Ya rufe waya, ya bar shagon a hannun abokan aikinsa, ya koma Taura gidan mahaifiyarsa.

Zulfa ta rame har zobe ya riƙa zame mata. Ɗakin Huseina ma ta daina shiga. A lokacin ne Zuhair, abokin mijin Huseina, ma'aikaci a sakatariya, ya fara zuwa zance. Mutumin kirki ne, ba abin da za a kushe. Tana fitowa, tana gaishe shi da ladabi, tana amsa abin da ya tambaya, ta koma ɗaki ta kifa kai a filo.

Da ta gama jarrabawar ƙarshe ta nemi Rakiya, yayar Nata'ala da ke aure a Dutse, ta miƙa mata kwamfutar a jakarta. Rakiya ta tambayi saƙon da za ta kai masa. Zulfa ta ce babu saƙo, shi ya ce kada ta ƙara yi masa magana.

Kwamfutar ta daɗe a kan katifarsa bai taɓa ta ba. Ran da ya buɗe, ya tarar da zanen ɗakin Huseina yana nan yadda suka bar shi, ya rufe ya fita bayan gari. Kashegari ya sake buɗewa. Hannun hagu ya ƙi ba shi haɗin kai, ya nufi nan layi ya tafi can. Haka ya yi ta fama har damina ta faɗi.

Wata rana da hantsi hoto ya shigo wayar Zulfa. Zanen sif ne na wani ɗaki mai karkatacciyar kusurwa, an yanka kwanar a gicciye da ƙofa ɗaya, kantocin takalma a ciki. Ba ta taɓa koya masa wannan ba. A ƙasa ya rubuta: "Malamata, da hagu na yi. Mai gidan ya karɓa, na koma shago. Na san ban cancanci amsa ba."

Ba ta amsa ba kuwa. Kuka ta yi, na farin ciki da na haushi a haɗe. Amma da Zuhair ya zo da yamma ta gaya masa gaskiya, cewa zuciyarta ba ta dawo daga inda ta tafi ba, kuma ba ta so ta cuce shi. Ya ce ya daɗe da gani a idonta. Ya yi mata fatan alheri, bai sake dawowa ba.

Huseina ce ta kai wa Baffa labarin duka. Sai ran nan ya shigo Dutse, ya hau adaidaita sahu har ƙofar shagon, ya zauna a benci. Ya ga Nata'ala gaban allo yana fitar da awon kowane katako, kafintoci biyu suna yankawa. Nata'ala na ganinsa ya durƙusa.

"Na ga sana'a ta dawo," in ji Baffa. "Ba ita ta kawo ni ba. Ni na hana ka Zulfa, amma tana tsaye tana jayayya da ni a kanka ka juya mata baya. Gobe in Allah Ya jarrabe ku da abin da ya fi wannan, haka za ka yi?"

Nata'ala ya buɗe baki, hawaye suka riga maganar.

"Baffa, kunya ce ta kore ni. Na zaci sauƙi nake nema mata. Ba zan ƙara ba."

Baffa ya ce ba shi za a ba haƙuri ba, ya je ya nemi mai shi. In ta haƙura, ya turo manya.

Ba ta haƙura da wuri ba. Zuwansa na farko ƙin fitowa ta yi. Na biyu ta fito ta zauna nesa, ta faɗa masa duk abin da ta haɗiye tun daga asibiti, yana saurare kansa a ƙasa. Da ta gama ta share ido ta ce ya nuna mata hannun. Ya fito da shi daga aljihu. Ta kalle shi sosai, ba ta kau da kai ba.

"Yana yi maka ciwo har yanzu, Nawa?"

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baffa a Aujara. Da aka shafa fatiha jama'a suka taso gaisawa da ango, Baffa ya riga kowa. Ya kama hannun daman Nata'ala ya rufe shi cikin tafukansa biyu, ya ce ga amana nan, Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su haƙurin zama da juna, Ya kawo zuriya ɗayyiba.

Daga cikin gida Zulfa ta jiyo amin ɗin maza ta haɗu da guɗar mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ita ma ta ce amin.