Ba Nawa Ba Ne

Ta cikin waya Hashimu ya fara ganin Sharifa. Yana tsaye a bakin gadar Wudil da la'asar sakaliya, yana ɗaukar masu suyar kifi yana zuba surutu kamar ɗan jarida, sai ga wata budurwa mai shuɗin hijabi ta shigo tsakiyar hoton.

"Malam, kawar da wayarka daga fuskata."

Ya sauke da sauri. "Yi haƙuri, ƙarfasa nake ɗauka, ba ke ba."

"Ita ƙarfasar ka tambaye ta?"

Mai kifin ta yi dariya. Budurwar ta karɓi ƙunshinta har ta juya, sai ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Na san muryar nan. Kai ne mai shafin Yawon Wudil ko? Wanda kullum in an cinye shi a wasan lido sai ya ce netwok ne?"

Shi ne kuwa. Tun daga aji huɗu na sakandare Hashimu ya ajiye biro, ya gwada kanikanci ya bari, ya gwada tallan takalma ya bari. Yanzu yana tsaron shagon cajin waya na kawunsa. Abu ɗaya ne bai taɓa gundurarsa ba: ya ɗauki bidiyon gari, bakin kogi, kasuwa, gonakin Indabo lokacin kaka, ko ya naɗi wasan da yake bugawa a waya yana sharhi. Mabiyansa ba su taka kara sun karya ba. Bai taɓa zaton akwai mai irin waɗannan idanun a cikinsu ba.

"Wallahi netwok ɗin ne," in ji shi.

"To ba ni lambar ɗakin wasanka, mu ga ko ni ma zai hana ka."

A yammacin nan ta cinye shi sau uku a jere.

Daga lido aka koma hira. Ita ɗinki take koyo, shi kuma duk inda ya je yawon ɗauka sai ya turo mata kafin ya ɗora. Ita ce ke ce masa nan ka cika surutu, nan iska ta cinye maganarka, nan ka bar tsohuwar ta ƙarasa labarinta mana. Ta raɗa masa suna Netwok. Shi kuma ya rubuto mata wata rana:

"Kin san a lido ba a fita gida sai an jefa shida, wato siki. Na daɗe ina jefawa ba ta zo ba. Ke ce Sikina."

Ta amsa:

"Allah ya shirye ka, Netwok. Amma na karɓa. Ka ci abinci dai, na ga ƙashin wuyanka a bidiyon jiya."

Zance yake zuwa a ƙofar gida, ya gaida mahaifiyarta, Inna Mairo, daga zaure. Mahaifin bai taɓa gani ba. Ya dai san sunansa Malam Isyaku, kuma harkar dabbobi yake yi. Kullum yana ƙauye wajen makiyaya.

Akwai Mudassir, ɗalibin jami'a, wanda ke gyara wa Hashimu bidiyo a kwamfutarsa. Ya taɓa raka shi zance sau ɗaya, tun daga ranar yake yawan cewa, "Kai dai ka yi sa'a, abokina. Irin wannan ai sai mai digiri."

Wata Juma'a Hashimu ya shiga kara, inda ake cinikin shanu, ya hau kan katanga yana ɗauka. Sai wani jan bijimi ya fizge igiya. Wani dattijo mai babbar riga ya bi shi da gudu, bijimin ya juyo ya ɗauke shi ya maka cikin kashin shanu. Hula ta yi gefe, riga ta naɗe masa kai. Ya miƙe da rarrafe yana ihu:

"Ku tare min shi, ba nawa ba ne! Ba nawa ba ne!"

Hashimu ya yi dariya har wayar na rawa. Ya tura wa Mudassir ya yanke masa, ya ɗora kafin a sauko daga masallaci. Wannan karon bai jira ya nuna wa Sharifa ba.

Kafin magariba bidiyon ya zaga Kano. Wayarsa sai ƙara take, mabiya na shigowa kamar fari. Ya rubuta mata:

"Sikina, mun fita gida. Duba shafi ki gani. Yau duniya ta san da mu."

Ya ga alamar ta karanta. Can sai ga amsa:

"Babana ne."

Ya goge bidiyon nan take. Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta:

"Na rantse da Allah ban san shi ba ne. Na goge. Don Allah ki ɗauka."

Washegari ta turo masa bidiyon, an sa masa kiɗa, an maimaita faɗuwar sau da yawa, an ƙara sautin dariya.

"Wannan ce gogewar? Kar ka sake kirana da sunan nan."

Sai da ya duba da kyau ya ga a sabon shafi yake, na Mudassir. Ya same shi a ɗakinsa kusa da jami'a.

"Sauke shi daga shafinka."

"Haba abokina, kai ka zubar, ni na tsinta. Ko na sauke, mutum nawa ne suka kwafa? Tsohon ma ya yi suna a banza."

Hashimu ya ɗaga hannu, sai ya mayar aljihu ya fita. Gaskiya Mudassir ya faɗa, kuma ita ta fi ciwo. Abin ya riga ya bar hannun kowa.

Maganar ta shiga bakin gari. Yaro ya fasa kofi, ya ce ba nawa ba ne. Ɗan acaɓa ya faɗi da fasinja, a ce ba nawa ba ne. Malam Isyaku dillali ne, da mutuncinsa yake ciniki. Da ya koma kara, samari suka bi shi da waya suna roƙon ya maimaita. Masu saye suka riƙa murmushi tun kafin ya buɗe baki. Ya dawo gida ya shimfiɗa buzu a zaure, bai sake fita ba sai masallaci.

A cikin wannan hali Mudassir ya turo manyansa neman Sharifa, har da saƙon cewa ai shi ya san wanda ya ɗauki bidiyon. Sharifa ce ta miƙa wa Inna Mairo waya ta nuna mata sunan shafin da ya sa kiɗan. Malam Isyaku ya sallami baƙin ko ruwa ba su sha ba. Amma hakan bai wanke Hashimu ba.

Da kawun Hashimu ya kai shi ban haƙuri, dattijon ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai ne mai hoton?"

"Ni ne, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Ka san me ya sa na ce ba nawa ba ne? Na wani bawan Allah ne daga Achika, shi kaɗai ya rage masa, ya kawo a sayar ya kai matarsa asibiti. Da ya shiga titi mota ta buge shi, me zan ce masa? Abin da nake wa ihu ke nan. Kai kuma kana kan katanga."

Dattijon ya gyara zama ya ci gaba.

"An ce ba ka san ni ba ne. To da uban wani ne fa? Shi ke nan ya halatta? Tashi ka tafi. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Damina ta shigo ta same su a haka. Hashimu ya daina ɗora komai. Yana zaune a shagon caji, wayoyin mutane na ta kiran ba nawa ba ne, don har sautin kira aka mayar da shi. Rannan saƙon Sharifa ya shigo:

"Na san ba kai ka sake ɗora shi ba. Amma ba zan iya yi maka dariya ba alhali Baba ya daina yi. Jiya na ga Inna ta fitar da tukwanenta na aure za ta sayar."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya rubuta:

"Ranar Juma'a zan zo. Ba wajenki ba."

Da sassafe ya tsaya a ƙofar gidan da igiya a kafaɗa. Ya ce da Malam Isyaku ya zo ne ya riƙe masa dabba in zai koma kara. Dattijon ya ce ya ɓace masa. Juma'a ta gaba ya dawo, aka sake korarsa. Haka ya yi ta zuwa. Inna Mairo ce ta gaji, ta yi magana daga bayan labule:

"Malam, ko ba don yaron nan ba, hatsi ya ƙare. In za a yi dariya a yi, mu dai mu ci."

Ya sa babbar rigarsa ya fito. Bai ce wa Hashimu ya biyo shi ba, bai kuma hana shi ba.

Suna shiga kara aka fara. "Ba nawa ba ne ya dawo!" Wasu suka gane Hashimu. "Kai, har da mai ɗaukar. Yau kuma jan igiya ake?" Wayoyi suka tashi sama. Malam Isyaku ya wuce kamar kurma, ya karɓi wani baƙin bijimi daga hannun mai shi, ya miƙa wa Hashimu igiyar ba tare da ya dube shi ba.

Hashimu bai taɓa riƙe ko tunkiya ba. Hayaniyar ta firgita bijimin, ya zabura. Igiya ta ɗauke shi ta kayar, ta ja shi a cikin caɓi da kashi, wandonsa ya yage tun daga ƙugu. Yana jin dariyar, irin tasa ta rannan sak.

"Kar ka saki," in ji Malam Isyaku. "Na mutane ne."

Bai saki ba. Tafin hannunsa ya saɓule kafin makiyaya su tare bijimin. Yana kwance yana haki, ya ga wayoyi sun yi masa rumfa. Sai inuwa ta rufe shi. Dattijon ne ya tsaya a kansa, ya baza hannayen babbar riga ya kare shi.

"Ku wuce. Ba ku da iyaye ne?"

Wannan ma an ɗora shi kafin azahar, a shafin Mudassir, kuma ya fi na farko tafiya.

A hanyar gida dattijon ya tsaya ya sayi man zafi ya miƙa masa.

"Ka ji yadda take?"

"Na ji, Baba."

Wannan karon bai gyara masa ba.

Sai da kaka ta yi, Hashimu ya iya ɗaure bijimi da kansa, sannan Malam Isyaku ya aika wa kawun Hashimu cewa su turo. Sharaɗi biyu ya kafa: a rufe shafin nan gaba ɗaya, kuma ranar ɗaurin aure kada wanda ya ɗaga waya a ƙofar gidansa.

Hashimu ya zauna a bakin kogi ya bi bidiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Masunta da asuba. Wata tsohuwa ta garin Ɗankaza mai saƙar faifai, wadda ta rasu bara, muryarta babu a ko'ina sai nan. Wasannin lido da yake ihun netwok. Shi ne abu ɗaya da ya taɓa iyawa a rayuwarsa. Ya ɗora yatsa a kan wurin goge shafin, ya kira Sharifa.

"Zan danna."

"In ce kar ka danna?"

"Za ki iya?"

"Ba zan iya ba. Amma ka sani, ni na fi kowa son shafin nan. Tun kana da mabiya kamar 'yan zaman makoki nake ciki."

Ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya danna.

An ɗaura aure wata Asabar da hantsi. Dillalai suka zo, makiyaya suka zo, abokan ango suka tsaya hannuwa a aljihu kamar masu jin sanyi. Kaɗan daga cikinsu sun yi gunaguni, wai wane irin biki ne wannan. Mudassir bai zo ba, an ce yana Kano wani kamfani ya kira shi talla.

Kafin a tafi da amarya, Malam Isyaku ya sa aka kira su biyun zaure. Har yanzu in ya ratsa kasuwa akan samu mai jefa masa maganar, kuma rabin masu kawo masa dabba ba su dawo ba. Ya dubi 'yarsa ya daɗe, sannan ya dubi hannun Hashimu da igiya ta sa ya yi kanta.

"Ban ce na daina jin ciwo ba. Amma na ba ka, kuma da zuciya ɗaya na ba ka. Ku rufa wa juna asiri. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin kunyar mutane."

"Amin, Baba," suka ce.

A sabon ɗakinsu, Sharifa ta yaye mayafi ta dubi bango, fari fes, babu abin ratayawa.

"Yanzu in yara suka ce mu nuna musu hoton bikinmu fa?"

Hashimu ya zauna kusa da ita, ya daɗe yana kallon lallen hannunta da kwallin da kuka ya ɓata.

"Sai mu ba su labari. Zauna haka, kar ki motsa. Bari in kalle ki sosai."