Mai Sulke na Biyu da Agogon Bitrus

Ranar da Rahila ta fara sa ƙafa a gidan gem ɗin da ke bayan tashar mota a Haɗeja, tsakiyar daminar 1996 ce, kuma ba wasa ya kawo ta ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga lemarta, ta dubi samarin da suka yi dafifi a gaban talabijin biyu.

"Wane ne Markus a cikinku?"

Markus, mai shagon, yana durƙushe yana hure ƙura daga bakin wani kaset. Yana ɗagowa ya ƙura mata ido. Bai taɓa ganinta ba, amma ya san goshin nan, ya san wushiryar nan. Fuskar Bitrus ce sak, amininsa da kogi ya ci bara.

"Ni ne," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Sunana Rahila. A Kafanchan na tashi wurin gwaggona, shi ya sa ba ka san ni ba. Na zo zaman makokin yayana, kwana bakwai ina kallon ƙofa. Kowa ya shigo, ban da kai." Ta miƙo masa wani kaset. "A akwatinsa na samu, da sunan shagonka a baya. Na ce bari in kawo da kaina, in ga fuskar mutumin."

Kaset ɗin na Mai Sulke ne, kashi na ɗaya. Ba sunansa na gaskiya ke nan ba. Daga Kano aka kawo shi da wani rubutu kamar tafiyar tsutsa wanda ba mai iya karantawa, sai samarin Haɗeja suka yi masa suna da kansu. Labarin wani mayaƙi ne na zamanin takobi da ganuwa, shi da abokinsa da suka raɗa wa Dogo.

Markus bai kare kansa ba. Ya sallami samarin, ya cusa kaset ɗin, ya kunna. Allo ya kawo haske, sai ga haruffa shida a sama: BITRUS. Wasan yana nan inda suka bar shi, a ƙofar mataki na ƙarshe.

Rahila ta zauna a kan benci ba tare da an ce mata zauna ba. Ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya juya mata baya yana gyaran wayar da lafiyarta ƙalau.

Da ta share ido, ta nuna ɗayar talabijin ɗin. "Wancan fa?"

"Na biyun ne. Watan jiya ya iso."

"Ya fi na farkon?"

Nan ne bakin Markus ya buɗe, don a duniya idan akwai abin da ya iya magana a kai, to wannan ne. "A ido ya fi shi nesa ba kusa ba. Har tsatsar sulke ana gani, dokin ma yana haki idan ya gaji. Birnin ya fi girma, akwai kasuwa, akwai masu tsaron ganuwa. Amma waɗanda suka yi shi ba su da imani. A na farko, duk inda Dogo ya faɗi kana iya ɗaga shi. A wannan, mataki na huɗu, gada tana karyewa, ruwa ya ɗauke shi. Ka faɗa ka bi shi, ku mutu tare. Ka tsaya, kana kallo ya nutse. Na gwada ya fi sau ɗari."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta zo ne da fushin shekara guda, sai ta tarar da mutumin da ya riga ta hukunta kansa.

"Ara mini shi," ta ce. "Na'urar yayana tana gida."

Daga nan kaset ya shiga zirga-zirga tsakanin shagon da unguwarsu. Duk ranar Asabar ta dawo da shi don samari su samu na yi, ranar Litinin idan ta taso daga firamaren da take koyarwa ta biyo ta karɓa. A cikin kwalinsa kuwa kullum da 'yar takarda.

Ta farko cewa ta yi: "Malam Markus, dokin nan ya fi jakin mai itace taurin kai. Sau tara yana jefa ni a rami. Kiɗan kasuwar dai ya yi mini daɗi. Ka ci abinci, ka rame."

Ya mayar: "Malama, ba laifin dokin ba ne, ki daina danna tsalle kafin ya kai bakin ramin. Na ci abinci saboda kin ce."

Kafin kaka ta kama, "Malama" ta koma "Malamata", shi kuma ya zama "Mai Sulkena". Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada sukan tsaya ƙarƙashin dalbejiyar coci, su yi ta musu a kan ko takobin na biyun ya kai na farkon kaifi, alhali kowa a cocin ya san ba takobi ake tattaunawa ba.

"Idan ina tare da ke," ya ce mata wata rana, "sai in ji ƙarar ruwan ta lafa a kunnena."

"To ka riƙa zama tare da ni mana," ta ce, tana wasa da bakin ɗankwalinta. "Ai ba haya nake karɓa ba."

Zance ya kai kunnen mahaifinta, Malam Filibus, tsohon duba-gari mutumin Zonkwa, wanda ya shekara talatin a Haɗeja. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Yaron da ya ci tuwon gidan nan shekara uku, aka fitar da gawar abokinsa bai tako ya ce mana yaya haƙuri ba, ba zai tako ya ɗauki 'yata ba. Zumunta a ƙafa take." Mama Ladi, matarsa, ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, magana ta mutu.

Ana cikin haka Istifanus ya kunno kai, akawu ne a garin Malam Madori, mai Vespa da tumbi ɗan daidai, irin surukin da iyaye ke mafarki. Da ya ga Rahila ba ta ko kallon Vespar, sai ya bi ta inda zai yi ciwo. Ya ce mata a Auyo, inda abin ya faru, kowa ya san Markus ya kama hannun Bitrus a cikin ruwa, sannan ya sake shi don ya tsira da ransa.

Ranar Asabar ta ajiye kaset a kan tebur ba ko gaisuwa. Takardar ciki layi ɗaya ce: "Gaskiya ne ka sake shi?"

Markus ya karanta, ya rufe shago da rana tsaka. Da ƙaryar Istifanus ce kaɗai, da ya ƙaryata. Amma a ƙarƙashin ƙaryar akwai wata gaskiya da bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma ita ce ta ɗaure masa ƙafa tun ranar jana'iza. Bai ba da amsa ba. Shiru ma magana ce, Rahila kuwa ta fassara shi yadda kowa zai fassara.

Ranar Litinin ta zo ta ɗauki kaset ɗin ba tare da ta dube shi ba, daga nan ɗif. Mako biyar babu ita babu takarda. Ya ji an ce mutanen Istifanus sun kai gaisuwa gidansu. Ya daina zuwa coci, ya koma yini a shago yana kallon bango.

A mako na shida sai ga kaset ɗin a kan teburinsa, Rahila ta ajiye lokacin da ya fita sayen man janareto. Takardar wannan karon doguwa ce:

"Markus, na wuce mataki na huɗu. Ba a ceton Dogo, haka aka yi wasan. Amma kai ruwan kake kallo, shi ya sa ba ka ga takobinsa ya faɗi a bakin gadar ba. Ɗauka ake yi. Idan ka ɗauka sai hanya ta buɗe zuwa ƙauyensu, akwai wata tsohuwa a ƙofar gida tana jira. Sai ka miƙa mata takobin kafin a bar ka ka ci gaba. Na yi kuka a wurin. Ka ce masu yin sa ba su da imani, ni kuwa na ga sun san mutuwa fiye da kai. Baba ya ba ni zuwa ƙarshen wata in amsa wa Istifanus. Ban san abin da ya faru a ruwa ba, kuma ba ni ya kamata ka fara gaya wa ba. Malamarka, idan har yanzu kana so."

Ya karanta sau uku. Sannan ya jawo wani gwangwanin madara daga bayan talabijin, ya zazzage abin da ke ciki a tafin hannunsa.

Da la'asar ya isa gidan. Malam Filibus yana zaune a tsakar gida a kujerar katako, rediyo a cinya. Markus ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na zo gaisuwa. Yaya haƙuri?"

Wata goma sha biyar ke nan da mutuwar. Tsohon ya kashe rediyo. "Haƙuri ya zama dole," ya ce.

Markus ya ajiye agogo a gabansa, maɗaurin a tsinke, allurar a tsaye kan biyar da minti ashirin. "Da kwalekwalen da muka hau ya kife, na kama reshe da hannu ɗaya, na kama shi da ɗayan. A wuyan hannu na riƙe shi, a kan agogon. Ruwa ya ja, maɗaurin ya tsinke. Abin da ya rage a hannuna ke nan."

"Na sani," in ji Malam Filibus. "Haladu masuncin da ya tsamo ka ya zo gaisuwa kwana biyu da rasuwar, tun daga Auyo, mutumin da bai san mu ba. Ya ce sai da ya ɓamɓare yatsunka daga reshen. Ban taɓa zarginka da ruwa ba, yaro."

"Akwai abin da Haladu bai sani ba, Baba." Markus ya sunkuyar da kai. "Da muka gama duba gonakin shinkafa a can, Bitrus ya ce ruwa ya yi yawa, mu kwana a Auyo mu biyo mota da safe. Ni na ce a'a. Na ce mu hau kwalekwale mu yanke, don mu zo mu gama gem. Na san bai iya iyo ba. Saboda wasa, Baba."

Bayan labulen ɗaki wani abu ya faɗi ya fashe.

"Wannan ban sani ba," tsohon ya ce a hankali. Ya ɗauki agogon yana juya shi. "Ya ji tsoro?"

"Ya kira Mama sau biyu."

Kukan Mama Ladi ya fito daga ɗakin, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Malam Filibus bai dubi Markus ba. "Tashi ka tafi," ya ce.

Ya tafi yana da yaƙinin ya rasa Rahila da bakinsa. Abin mamaki, duk da haka ya ji ƙirjinsa sakayau, karon farko tun bara.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Malam Filibus ne da sandarsa, Rahila a bayansa idanunta sun kumbura. Samari suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

"An ce sunan ɗana yana cikin akwatin nan. Nuna mini."

Markus ya kunna. Tsohon ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wautar yarinta ce, ku biyu kuka yi ta, shi ma da ƙafarsa ya hau," ya ce. "Na kwana uku ina neman in tsane ka, na kasa. Maƙaryaci da ya tsaya a kan maɗaurin agogo, ya samu mata. Ruwa ya ci mini ɗa ɗaya, kai kuma ka hana ni na biyun fiye da shekara. Ya isa haka. Ka aika garinku Pankshin, manyanka su zo."

Rahila ta rufe fuska da ɗankwali. Da tsohon ya juya, ta raɗa, "Mai Sulkena, ka rame kuma."

"Za ki gyara, Malamata."

Bayan an gama yankan shinkafa aka ɗaura aure. Coci ya cika har waje, Haladu ma ya zo da kwandon busasshen kifi ya zauna ƙarƙashin dalbejiya. Kaset na farko dai suka yanke shawarar ba za a gama shi ba, aka naɗe shi a sabon ƙyalle, sunan yana ciki.

Da Fasto ya tambayi wanda zai ba da amarya, Malam Filibus ya miƙe, agogon Bitrus a hannunsa da sabon maɗauri. Ya kamo hannun Rahila, ya buɗe tafin Markus, ya ɗora nata a ciki, ya damƙe su da nasa biyun.

"Ga hannun ƙanwarsa," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Wannan karon a tafi za ka riƙe. Ubangiji ya albarkace ku, ya tsare ku a tudu da ruwa, ya ba ku 'ya'yan da za su binne ku."

Jama'a suka amsa da amin, Mama Ladi ta rangaɗa guɗa tana kuka. Markus kuwa har aka fito daga cocin bai saki hannun ba.